Kenya a 2017: Shin Kai Sakamakon Zaɓe Kotu Yana Rusa Dimokuraɗiyya?

A ranar Juma'a, 1 ga Satumba na 2017, Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa da aka gudanar ranar 8 ga Agusta, ta kuma umarci hukumar zaɓe ta ƙasar, wato IEBC, da ta shirya sabon zaɓe cikin kwana 60. Wannan ne karo na farko a nahiyar Afirka da kotu ta rushe nasarar shugaba mai ci bisa ƙarar da abokin takararsa ya shigar. Uhuru Kenyatta, wanda hukumar ta ce ya samu fiye da kashi 54 cikin ɗari, ya wayi gari ya koma ɗan takara, shi kuwa Raila Odinga, wanda aka ce ya sha kaye da ratar ƙuri'u kusan miliyan 1.4, ya samu dama ta biyu.

A duk lokacin da wanda ya faɗi zaɓe ya nufi kotu, ana jin zargi iri ɗaya: cewa ya raina zaɓin jama'a, yana neman alƙalai ƙalilan su ba shi abin da miliyoyin masu ƙuri'a suka hana shi, yana kuma zubar da mutuncin hukumomin ƙasa. Zargin ba na banza ba ne, kuma lamarin Kenya ya dace da auna shi, domin a ƙasa ɗaya, da ɗan adawa ɗaya, cikin shekara goma sha biyar, an ga abin da ke faruwa idan aka ƙi zuwa kotu, da idan aka je aka sha kaye, da kuma idan aka je aka yi nasara.

Abin da ya gabata

Ba za a fahimci hukuncin 2017 ba sai an koma ƙarshen 2007. A ranar 30 ga Disamba na wannan shekara hukumar zaɓe ta wancan lokaci ta ayyana shugaba mai ci Mwai Kibaki a matsayin wanda ya doke Odinga, aka kuma rantsar da shi cikin gaggawa a fadar gwamnati a yammacin wannan rana. Odinga ya ƙi kai ƙara, yana mai cewa kotunan suna hannun wanda zai kai ƙarar. Yana da hujjar faɗin haka. Bayan zaɓen 1992 an kori ƙarar Kenneth Matiba a kan Shugaba Daniel arap Moi saboda matarsa ce ta sa hannu a takardun a madadinsa, shi kuwa rashin lafiya ce ta hana shi riƙe alƙalami. Bayan zaɓen 1997 an kori ƙarar Kibaki da kansa saboda bai miƙa wa Moi takardar sammaci hannu da hannu ba, alhali kowa ya san dogarawan shugaban ƙasa ba za su bar mai kai sammaci ya kusance shi ba. A duka biyun ba a taɓa duba ko an yi maguɗi ba.

Da aka rasa wurin kai kuka, sai rigimar ta koma kan titi. Fiye da mutum 1,100 suka mutu, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni, sai da Kofi Annan ya shiga tsakani aka kafa gwamnatin haɗaka a 2008, Odinga ya zama firaminista. Kwamitin binciken da alƙali Johann Kriegler na Afirka ta Kudu ya jagoranta ya ce an dagula ƙidayar ƙuri'u har ta kai ba za a iya tantance wanda ya ci ba.

Daga wannan jinin aka rubuta kundin tsarin mulkin 2010. Sashe na 140 ya ba duk wanda bai gamsu da zaɓen shugaban ƙasa ba kwana bakwai ya shigar da ƙara a Kotun Ƙoli, ya ba kotun kwana 14 ta yanke hukunci, kuma ba a rantsar da kowa sai an gama. Sashe na 86 ya wajabta wa hukumar zaɓe cewa kowace hanya ta bi, dole ta kasance mai sauƙi, sahihiya, amintacciya, a fili, wadda kuma za a iya bin diddiginta a tabbatar. An tantance tsofaffin alƙalai, aka sallami wasu, aka mayar da neman kujerar alƙalin alƙalai abin da ake yi wa tambayoyi a bainar jama'a. Saboda haka ƙarar zaɓe a Kenya wani ɓangare ne na zaɓen kansa, wanda jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama. Mai cewa ƙarar ta saɓa wa tsarin mulki sai ya fara bayyana dalilin da ya sa tsarin mulkin ya keɓe mata sashe guda.

An fara gwada wannan tanadi a 2013. Kenyatta ya haye rabin ƙuri'u da ƙyar, da kashi 50.07, Odinga ya kai ƙara, kotun ƙarƙashin Willy Mutunga ta tabbatar da zaɓen baki ɗaya. Odinga ya ce bai gamsu ba amma ya karɓa, aka rantsar da Kenyatta ba tare da ƙasa ta kama da wuta ba.

Abin da aka kai gaban kotu

Tsarin 2017 ya dogara ne kan takardu uku. A kowace rumfa daga cikin 40,883 ana ƙirga ƙuri'a a gaban wakilan jam'iyyu, a rubuta sakamako a fom 34A, a ɗauki hotonsa da na'ura a aika tare da alƙaluman. A kowace mazaɓa daga cikin 290 ana tattara waɗannan a fom 34B, daga nan shugaban hukuma ya haɗa su a fom 34C ya ayyana wanda ya ci. Tun a watan Yuni Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta yanke cewa sakamakon da aka bayyana a mazaɓu shi ne na ƙarshe, babu wanda zai gyara shi a Nairobi, domin a nan ne aka yi zargin an murɗe alƙaluma a 2007.

Kusan mako guda kafin zaɓe aka tsinci gawar Chris Msando, jami'in da ke kula da na'urorin hukumar, da alamun azabtarwa a jikinsa. Ranar zaɓe kuwa ta wuce lafiya, masu sa ido na ƙasashen waje, cikinsu har da John Kerry da Thabo Mbeki da John Mahama, suka yaba da yadda aka kaɗa ƙuri'a da yadda aka ƙirga ta a rumfuna. Matsalar ta ɓullo ne a tsakanin rumfa da cibiyar tattara sakamako. Alƙaluma sun riƙa bayyana a allon hukumar ba tare da hotunan takardun da suka fito daga cikinsu ba, kuma lokacin da shugaban hukumar, Wafula Chebukati, ya ayyana Kenyatta a daren 11 ga Agusta, dubban fom 34A ba su iso hannun hukumar ba. Hukumar ta ce rumfuna kimanin 11,000 suna wuraren da babu ƙarfin sadarwa.

Da farko gamayyar adawa ta NASA, wadda ta tsayar da Odinga, ta ce ba za ta je kotu ba. An yi zanga-zanga a Kisumu da unguwannin talakawa na Nairobi, 'yan sanda suka mayar da martani da harsashi, mutane da dama suka mutu, cikinsu har da jaririya 'yar wata shida. Sai a ranar 18 ga Agusta, ranar da wa'adi ke cika, Odinga ya shigar da ƙara. Abin lura ne cewa tarzoma ta lafa a makonni biyun da aka yi ana shari'a, domin hankalin magoya baya ya koma kan talabijin, suna kallon lauyoyi suna gardama a kan takardu.

A cikin shari'ar kotu ta umarci hukumar da ta buɗe rumbun bayananta na kwamfuta domin ƙwararrun ɓangarorin biyu su ga abin da ya shiga da wanda ya shigar da shi. Hukumar ba ta cika wannan umarni ba. Da magatakardar kotu ta sa aka duba takardun da aka kawo, sai aka tarar wasu ba su da lambar da ta bambanta su, wasu ba su da tambarin tsaro, wasu babu sa hannun jami'in zaɓe.

Hukuncin da raunin da ke cikinsa

Alƙalai huɗu suka soke zaɓen: alƙalin alƙalai David Maraga, da mataimakiyarsa Philomena Mwilu, da Smokin Wanjala, da Isaac Lenaola. Biyu suka ƙi yarda, wato Jackton Ojwang da Njoki Ndung'u. Na bakwai, Mohammed Ibrahim, rashin lafiya ta hana shi kammala zaman. Gardamar ta ta'allaƙa ne kan sashe na 83 na dokar zaɓe, wanda ya fayyace lokacin da saɓa doka ke iya rushe zaɓe. Masu rinjaye suka ce ya wadatar mai ƙara ya tabbatar da ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai an gudanar da zaɓen ba bisa ƙa'idojin tsarin mulki ba, ko kuma kura-kuran sun shafi sakamako. Suka ce zaɓe tafiya ce mai matakai, ba a raba alƙaluman ƙarshe da hanyar da aka bi aka same su. Game da rumbun bayanai kuwa, suka ce hukumar ta samu damar wanke kanta ta ƙi, don haka kotu ba ta da zaɓi illa ta ɗauka cewa ko dai an kutsa cikin na'urorin, ko jami'an hukumar sun taɓa bayanan, ko kuma sun dagula aikin aika sakamako har ba za su iya tabbatar da shi ba.

Wajibi ne a yi wa marasa rinjaye adalci, domin hujjarsu ita ce mafi ƙarfin abin da masu sukar ƙararrakin zaɓe ke da shi. Kotun ba ta ce Odinga ne ya ci ba. Ba ta nuna cewa an sace masa ƙuri'u miliyan ɗaya da ɗoriya ba, kuma ta ce ba ta samu Kenyatta da wani laifi ba. Mai shari'a Ndung'u ta rubuta hukunci mai shafi sama da 400 tana nuna cewa ƙuri'un takarda suna nan a akwatuna, ana iya sake ƙirga su, kuma bai kamata a hukunta mai zaɓe saboda sakacin ma'aikacin da bai buga hatimi ba. Ga kuma wata tambaya mai wuya: a rana ɗaya, da jami'ai ɗaya da na'urori ɗaya, aka zaɓi gwamnoni da sanatoci da 'yan majalisa, to me ya sa na shugaban ƙasa kaɗai ya lalace? Talakan da ya fito tun asuba ya tsaya a layi ya zaɓi Kenyatta yana da haƙƙin jin cewa an watsar da ƙuri'arsa ba da laifinsa ba.

Duk da haka ina ganin masu rinjaye sun fi kusa da daidai, kuma dalilin yana cikin ƙin buɗe rumbun bayanan. Idan aka ce dole mai ƙara ya ƙirga ƙuri'un da aka sace masa ɗaya bayan ɗaya, alhali shaidar tana kulle a hannun wanda ake ƙara, kuma wanda ake ƙarar zai iya take umarnin kotu ba tare da wani sakamako ba, to an mayar da sashe na 140 ado kawai. Ratar ƙuri'u, komai girmanta, tana da ma'ana ne gwargwadon yadda za a iya tabbatar da ita. A ƙasar da shugaban hukumar zaɓenta na 2007, Samuel Kivuitu, ya fito daga baya ya ce shi kansa bai san ko Kibaki ne ya ci ba, sharaɗin cewa sakamako ya zama mai yiwuwar tantancewa darasi ne da aka saya da rayuka.

Abin da ya biyo baya

A nan ne lamarin ya yi muni, kuma a nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya duba wanda ya aikata me. Kenyatta ya ce bai yarda da hukuncin ba amma zai mutunta shi, wanda hakan abin yabo ne. Sai dai a rana ɗaya, a gaban magoya bayansa, ya kira alƙalan ɓata-gari, daga baya kuma ya yi alkawarin cewa bayan zaɓe za a waiwayi batun kotun. Wanda ya yi rantsuwar kare tsarin mulki shi ya fara nuna wa jama'a cewa alƙali abokin gaba ne, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Jam'iyyarsa ta Jubilee, mai rinjaye a majalisa, ta gaggauta gyara dokar zaɓe ana tsaka da shirin sake zaɓe, ciki har da sashe na 83, domin soke zaɓe ya ƙara wuya. Babbar Kotu ta rushe muhimman sassan wannan gyara a 2018.

Ɓangaren adawa ma bai fita da tsabta ba. Odinga ya gindaya sharuɗɗan sauya jami'an hukumar da kamfanonin da suka buga takardu suka kuma samar da na'urori, wasu daga ciki masu ma'ana, wasu kuma ba za su yiwu cikin kwana 60 ba. A ranar 10 ga Oktoba ya janye daga takara, daga baya ya nemi magoya bayansa su ƙaurace wa zaɓen. A wurare da dama ƙauracewar ta zarce zaman gida, ta koma tare hanyoyi da far wa ma'aikatan zaɓe. Mutumin da kotu ta ba dama ta biyu ya ƙi karɓarta. Ana iya fahimtar fargabarsa, ganin cewa kwamishiniyar hukumar, Roselyn Akombe, ta yi murabus ranar 18 ga Oktoba daga birnin New York tana cewa ba za a iya yin sahihin zaɓe ba, Chebukati kansa ma ya ce da wuya ya iya ba da tabbaci. Amma hukuncin da Odinga ya yi murna da shi shi ne ya ce IEBC ce za ta sake shirya zaɓen, domin tsarin mulki bai san wata hukuma ba bayan ita.

Mafi tayar da hankali shi ne abin da ya faru ranar 25 ga Oktoba. An shigar da ƙarar neman ɗage zaɓen, Maraga ya zauna shi kaɗai ya sanar da cewa ba za a saurare ta ba saboda alƙalai ba su kai adadin da doka ta buƙata ba. A daren da ya gabata an harbi direban mataimakiyarsa. Kotun da ta girgiza Afirka kusan makonni takwas kafin nan ta kasa tara mutum biyar.

An yi zaɓen ranar 26 ga Oktoba. Kenyatta ya samu kashi 98, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 ba, alhali a Agusta sun kusa kashi 80, kuma ba a iya yin zaɓe ba a mazaɓu 25 na gundumomin Kisumu da Siaya da Homa Bay da Migori. Wasu 'yan ƙasa suka sake kai ƙara, kotu ta tabbatar da zaɓen baki ɗaya ranar 20 ga Nuwamba. Odinga bai karɓi wannan hukunci ba. A ranar 30 ga Janairu na 2018 ya riƙe Littafi Mai Tsarki a filin Uhuru Park ya rantsar da kansa a matsayin shugaban jama'a, muƙamin da babu shi a kowace doka. Gwamnati ta rufe manyan gidajen talabijin uku, ta yi biris da umarnin kotu na buɗe su na tsawon kwanaki, ta kuma tasa ƙeyar lauya Miguna Miguna, ɗan ɓangaren Odinga, zuwa Kanada duk da umarnin kotu. Daga ƙarshe, ranar 9 ga Maris, Kenyatta da Odinga suka fito suka yi musabaha a ƙofar ofishin shugaban ƙasa, rigimar ta mutu ba tare da an yi wa iyalan waɗanda aka kashe wani bayani ba.

Inda ɓarnar ta fito

Idan aka jera waɗannan abubuwa, za a ga cewa babu ɗaya daga cikin manyan raunukan da dimokuraɗiyyar Kenya ta samu a wannan shekara da ya fito daga takardar ƙarar 18 ga Agusta. Hukumar da ta ƙi bin umarni, shugaban da ya tsoratar da alƙalai, majalisar da ta sauya doka don amfanin ɗan takararta, ɗan adawar da ya karɓi hukuncin Satumba ya yi watsi da na Nuwamba, duk sun yi ɓarnarsu ne a wajen zauren kotu. A ciki kuwa an tilasta wa kowa ya kawo shaida, ya amsa tambaya, ya kuma saurari abokin hamayyarsa cikin wa'adin da aka ƙayyade.

Wannan ba ya nufin kowace ƙarar zaɓe alheri ce. Ana iya shigar da ƙara ba don a ci ba, sai don a samu abin nuna wa magoya baya. A Amurka bayan zaɓen 2020 an shigar da ƙararraki fiye da 60 domin ƙalubalantar nasarar Joe Biden, kusan duka kotuna suka kore su, amma Donald Trump ya ci gaba da cewa an yi masa fashi, har aka kai ga farmakin majalisa na 6 ga Janairu 2021. Ko a can ma kotunan sun yi aikinsu, abin da ya gaza shi ne karɓar amsarsu. Mai kai ƙara na gaskiya yana shiga ne da sanin cewa za a iya ce masa bai da gaskiya, kuma ya ɗaure kansa da wannan amsa tun kafin ya ji ta. Odinga ya cika wannan sharaɗi a 2013, ya karya shi a ƙarshen 2017.

Akwai kuma farashin da ba za a ɓoye ba. Kenya ta kashe biliyoyin shilin a zaɓe na biyu, kasuwanci ya tsaya cik na watanni, an yi asarar rayuka tsakanin Satumba da Nuwamba, kuma shugaban da aka rantsar ranar 28 ga Nuwamba ya hau mulki da zaɓen da ya fi na farko rauni. Ɓangaren shari'a ma ya ɗanɗana kuɗarsa: an rage masa kuɗi, kuma Kenyatta ya ƙi naɗa alƙalai 41 da hukumar kula da harkokin shari'a ta miƙa masa a 2019, sai a 2021 ya naɗa 34, ya ƙi shida. Kotu tana iya rushe zaɓe, amma ba ta da ikon gyara hukumar da za ta sake shi, kuma kwana 60 ba sa isa a dawo da amanar da ta zube.

Ribar ta zo ne a hankali. A Malawi, ranar 3 ga Fabrairu na 2020, alƙalai biyar suka soke nasarar Peter Mutharika bayan an nuna takardun sakamako da aka goge da farin ruwan gyara rubutu, a can kuwa 'yan adawa sun shiga zaɓen da aka sake, Lazarus Chakwera ya ci a watan Yuni. A Kenya kanta, a watan Maris na 2022, Kotun Ƙoli ta rushe yunƙurin gyara tsarin mulki da Kenyatta da Odinga suka ɗauki nauyinsa tare bayan sun shirya, abin da ya nuna barazanar ba ta karya ta ba. A zaɓen Agusta na 2022 IEBC, ƙarƙashin Chebukati ɗin dai, ta ɗora hotunan kusan dukkan fom 34A a shafinta na intanet cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kowane ɗan jarida da ɗan ƙasa yana iya saukewa ya haɗa lissafinsa. Hukumar ta yi haka ne domin ta san abin da za a tambaye ta a kotu. An ayyana William Ruto da kashi 50.49, Odinga da 48.85, rata mafi ƙanƙanta nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da ta 2017, kuma kwamishinoni huɗu cikin bakwai sun nesanta kansu daga sakamakon. Odinga ya koma kotu, alƙalai bakwai ƙarƙashin Martha Koome suka duba takardun da na'urorin, suka tabbatar da zaɓen baki ɗaya ranar 5 ga Satumba. Ya ce bai yarda da su ba ko kaɗan amma yana mutunta ra'ayin kotun, aka rantsar da Ruto ranar 13 ga watan cikin lumana, ko da yake a 2023 Odinga ya jagoranci zanga-zangar da neman buɗe rumbun bayanan hukumar ke cikin buƙatunta.

Wa'adin kwana 14 na nan yadda yake a sashe na 140, duk da cewa alƙalan kotun da kansu sun nemi a tsawaita shi, domin ba ya ba su sukunin sake ƙirga ƙuri'un ƙasa baki ɗaya idan buƙatar hakan ta taso. Wannan ƙarancin lokaci, tare da ƙin bin umarnin da hukumar ta yi, shi ya sa hukuncin 1 ga Satumba ya tsaya kan cewa ba a gudanar da zaɓen 8 ga Agusta bisa tsarin mulki ba, bai kai ga faɗin wanda jama'ar Kenya suka zaɓa a wannan rana ba.